Wanda Aka Sallama Daga Asibiti, Ina Zai Kwana?

Wasiƙun da muka zaɓo wa filin tambayoyin masu karatu na wannan wata sun shafi manya masu lalurar ƙwaƙwalwa waɗanda suka rasa matsuguni. Kamar yadda muka saba, mun sakaya sunayen masu tambaya, mun kuma taƙaita wasiƙun.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Kano:

Assalamu alaikum. Ina da yaya namiji mai shekara 41, tela ne, wanda lalurar taɓin hankali ta same shi shekara tara da suka wuce. Sau biyu ana kwantar da shi a asibiti, kuma duk lokacin yakan samu sauƙi har ya koma kan kekensa. Bayan rasuwar mahaifinmu aka sayar da gidan gado aka raba kuɗin, kasonsa yana hannun wani ɗan'uwanmu da ya ce yana ajiye masa. Tun daga nan yayana bai da ɗakin kansa. Ya zauna nan ya zauna can, ya daina shan magani, yanzu a wata rumfar kasuwa yake kwana. Ni ina gidan miji, ɗaki biyu ne da mu da yara biyar. 'Yan'uwa suna cewa a sake kai shi asibiti, ni kuwa ina tunanin in an sallame shi ina za shi? Ku ba ni shawara don Allah.

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba yayanki lafiya, ya saka miki da alheri. Tambayar da kika rufe wasiƙarki da ita ita ce wadda ya kamata 'yan'uwanku su fara amsawa kafin kowa ya nemi motar kai shi asibiti, domin labarin da kika bayar da kansa ya nuna inda gizo ke saƙar. Magani ya karɓi yayanki har sau biyu. Abin da ya canza shi ne ɗakin da yake kwana, da tukunyar da yake ci daga cikinta, da mutumin da ke miƙa masa ƙwayar magani da daddare. Mai irin wannan lalura yana buƙatar barci a kan lokaci da abinci a kan lokaci, kuma wanda ke kwana a rumfa, ana tashinsa da asuba don a buɗe kasuwa, yara suna binsa da jifa, ba shi da inda zai ajiye takardar asibiti balle ya tuna ranar da likita ya ce ya dawo.

Asibiti yana da amfaninsa, kuma a halin da yake ciki yanzu wataƙila sai an bi ta nan. A Kano akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na Dawanau da sashen wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A sauran arewa akwai asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da na Maiduguri. Sai dai kwanciyar asibiti ta 'yan makonni ce, aikinta ta kwantar da ciwon da ya tashi. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Nijeriya ba su kai 300 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, don haka babu asibitin da zai iya zama wa yayanki gida, kuma bai kamata ya zama ba.

Shawarata ta farko ita ce a warware maganar gadonsa. Taɓin hankali ba ya hana mutum gado, kuma kason yayanki dukiyarsa ce. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta yi umarni cewa wanda ba zai iya juya dukiyarsa ba a riƙe masa ita, amma a ciyar da shi daga cikinta, a tufatar da shi, a kuma riƙa yi masa magana mai daɗi. Ajiyar da mai ita ke kwana a waje alhali kuɗinsa na hannun wani ta saɓa wa wannan umarni, ko da mai ajiyar yana da kyakkyawar niyya. Ki nemi wani dattijo daga dangin mahaifinku wanda ake jin maganarsa, a zauna a rubuta adadin kuɗin a gaban shaidu, a amince cewa daga ciki za a kama masa ɗaki a biya kuɗin magani. Idan zaman dangi ya ci tura, kotun shari'a tana da ikon naɗa waliyyin da zai kula da dukiyar tare da ba da lissafi, kuma ke a matsayinki na ƙanwarsa kina iya shigar da wannan buƙata. Na san kai ɗan'uwa gaban alƙali abu ne mai nauyi a wajenmu, shi ya sa na sa shi a ƙarshe. Sau da yawa jin cewa maganar za ta kai can ya isa ya sa a sassauto.

Ɗakin da za a kama masa ba sai babba ba. Abin da ake nema shi ne ya kasance kusa da ke ko da wani ɗan'uwa mai tausayi, tafiyar da yaro zai iya kai kwanon abinci a ƙafa. Shagon ƙofar gida ko ɗakin soro irin wanda samari ke kwana ya wadatar, muddin yana da ƙofa da makulli, makullin kuma yana hannunsa. A gaya wa mai gidan gaskiyar lalurarsa tun farko, a kuma sanar da mai unguwa, domin ɓoyewa ita ke sa a kore mutum ranar da ya ɗaga murya cikin dare. A tabbatar an shirya ɗakin kafin ranar sallama, ba bayanta ba.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Nijeriya, ya fara wani shiri a Aro kusa da Abeokuta, inda maimakon a kulle marasa lafiya a asibiti, ake sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan'uwan da ya rako shi, ana biyan masu gida kuɗin haya. Da rana su je karɓar magani, da yamma su koma cikin jama'a. Shirin ya yi suna har ƙasashen waje suka riƙa zuwa kallo, shi kuma Lambo daga baya ya zama mataimakin babban darakta na Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin takaici ne a ce dabarar da aka gwada a ƙasarmu shekara saba'in da suka wuce har yau iyali ne ke lalubo ta da kansu.

Game da magani, ki tambayi likita ko yayanki zai dace da allurar da ake yi bayan mako biyu zuwa huɗu a maimakon ƙwayar kullum, domin ta fi sauƙin bibiya ga wanda ke zaune shi kaɗai. Ki kuma tambayi yayan naki, cikin natsuwa, me ya sa ya daina shan maganin. Da yawa suna bari ne saboda sandarewar jiki, ko rawar hannu, ko dalalar miyau, ko yawan barci, abubuwan da tsofaffin magunguna irin su chlorpromazine da haloperidol kan haifar. Tela da hannunsa ke rawa yana da dalilin ƙin magani. Likita na iya rage yawansa ko ya sauya masa wani, amma sai an gaya masa. Idan ya samu sauƙi kuma, a mayar masa da kekensa, ko da gyaran tsofaffin kaya zai fara da shi.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Gusau:

Akwai wani bawan Allah da ya fi shekara yana kwana a barandar shagona. Ba ya faɗa da kowa, yana magana shi kaɗai, harshensa kuma ya nuna ba ɗan garin nan ba ne. Ina ba shi abinci, amma maƙwabta suna matsa mini in kore shi saboda ƙazanta. Ina tsoron Allah in kore shi, ga hunturu na tafe. Wace hukuma ce ke da alhakinsa?

Amsa:

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. A tsarin gwamnati, alhakin irin wannan mutum yana kan sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma da ma'aikatar jiha mai kula da walwalar jama'a, kuma hanya mafi sauƙi ta isa gare su ita ce ta mai unguwa ko dagaci, wanda zai rubuta takarda da sunan unguwa. Takardar unguwa ta fi koken mutum ɗaya nauyi. Ka kuma tuntuɓi hukumar zakka da waƙafi ta jiharku. A Sakkwato maƙwabciyarku hukumar zakka ta daɗe tana ɗaukar nauyin maganin masu taɓin hankali marasa galihu, wanda ke nuna cewa wannan ƙofa ce da ake iya ƙwanƙwasawa, kuma mutumin barandarka ya shiga sahun miskinai ta kowace fuska aka duba.

Amma akwai abin da kake da shi wanda babu jami'in da ke da shi, wato shekara guda ta sabo. Ya san fuskarka, yana karɓar abinci daga hannunka. Ka yi amfani da wannan ka san sunansa, da garinsu, da sunan mahaifinsa ko na wani malami ko mai gida da ya taɓa zama a wajensa. Kada ka yi masa tambayoyin a jere kamar ɗan sanda. Yau ɗaya, jibi ɗaya. Da yawa daga cikin waɗanda muke gani a titi suna da dangin da suka yi cigiya har suka gaji, wasu ma an yi musu zaman makoki. Sunan gari ɗaya ya isa a aika saƙo ta direbobin tasha, ko ta fadar hakimin garin, ko ta filin cigiya na gidan rediyo. Ina ba da shawarar kada a ɗora hotonsa a Facebook a cikin halin da yake, domin hoton zai daɗe bayan shi ya warke, kuma shi ma yana da mutunci da 'ya'ya wataƙila.

A Jihar Abiya akwai wata cibiya mai suna Amaudo, a Itumbauzo, wadda wata Baturiya mai suna Rosalind Colwill ta kafa tare da cocin Methodist wajen 1990. Aikinta shi ne ɗauko masu taɓin hankali daga titi, su zauna tare da ma'aikata a wuri guda, suna ci tare suna aiki tare, a yi musu magani, a koya musu sana'a, sannan a nemo danginsu a mayar da su gida, ana ci gaba da bibiyarsu ta ƙananan asibitocin da ke kusa da su. Na kawo ta ne don a ga cewa neman dangi aiki ne da ake yi kuma yana yiwuwa.

Kafin nan, bargo da tabarma da ruwan wanka za su rage ƙorafin maƙwabta. Idan ka ga ya daina ci, ko zazzaɓi ya kama shi, ko ya ji rauni, ko ya fara barazana ga kansa ko ga wasu, wannan ya zama na gaggawa, a kai shi asibiti mafi kusa, a kuma kauce wa ɗauri da duka wajen ɗaukarsa.

Tambaya daga wani ɗalibin jami'a a Zariya:

Na ji an ce a wasu ƙasashen Turai gwamnati na ba wanda ke kwana a titi gida kai tsaye, ko da yana shaye-shaye ko bai fara shan magani ba. Gaskiya ne? Kuma wannan ba ƙarfafa lalaci ba ne?

Amsa:

Gaskiya ne, kuma tsarin yana da tarihi. A da, a Amurka da Turai, ana bin matakai ne: mutum ya fara kwana a gidan kwanan jama'a, ya nuna ya daina shaye-shaye, ya riƙe magani, sannan a ƙarshe a duba ko ya cancanci ɗaki. Waɗanda ciwonsu ya fi tsanani su ne suka fi faɗuwa a matakin farko, su koma titi. A 1992 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Sam Tsemberis ya juya tsarin a birnin New York: a fara ba mutum ɗakin haya da sunansa, yana biyan kusan kashi 30 cikin ɗari na abin da yake samu, sannan ayarin ma'aikatan lafiya da na jin daɗin jama'a su riƙa ziyartarsa a ɗakin suna tayin magani ba tare da sun mai da shi sharaɗin zama ba. Kimanin mutum takwas cikin goma sun ci gaba da zama a ɗakunansu. Ana kiran tsarin da sunan da ke nufin gida tukuna.

Ƙasar Finland ce ta mai da shi manufar gwamnati daga 2008. Ta sauya manyan gidajen kwanan jama'a zuwa ƙananan gidaje masu ɗaki da bayi da madafa, ta hannun birane da ƙungiyoyi irin su gidauniyar Y, wadda tun 1985 take sayen gidaje don wannan aiki. Marasa matsuguni a ƙasar sun kai kusan 18,000 a ƙarshen shekarun 1980. A 2022 ba su kai 4,000 ba.

A nan ya kamata a yi adalci ga tambayarka. Kanada ta gwada tsarin a birane biyar tsakanin 2009 da 2013, da mutane sama da 2,000, aka raba su biyu ana kwatantawa. Waɗanda aka ba gida sun fi sauran zama a matsuguni nesa ba kusa ba, amma a fannin raguwar alamomin ciwo da barin shaye-shaye bambancin bai yi yawa ba. Ke nan ɗaki ba ya warkar da taɓin hankali. Abin da yake yi shi ne ya tsayar da mutum a wuri ɗaya inda ma'aikacin lafiya zai same shi gobe da jibi. Batun lalaci kuwa, wanda ke jin muryoyi a kunnensa yana kwana a ƙarƙashin gada ba hutu yake yi ba, kuma kuɗin da ake kashewa a kansa ta hanyar ɗakin gaggawa da 'yan sanda da gidan yari ba kaɗan ba ne ko da ba a ba shi ɗakin ba.

Ko za a iya kwafo tsarin yadda yake zuwa Zariya ko Katsina? A ganina a'a, domin ya dogara ne da albashin tallafi da gwamnatocin can ke biyan marasa lafiya duk wata, da kuma gidajen gwamnati masu yawa, mu kuwa ba mu da ko ɗaya. Abin da ya fi kama da yanayinmu shi ne na garin Geel a Beljiyam, inda tun ɗaruruwan shekaru iyalai ke karɓar masu taɓin hankali su zauna da su, asibiti na bibiya yana kuma ba iyalin ɗan tallafi. A shekarun 1930 irin waɗannan baƙi sun haura 3,000 a garin. Al'ummarmu, wadda ta gina zaure a kowane babban gida don baƙo da matafiyi, ta kuma san waƙafi, ba ta rasa harsashin irin wannan ba. Mai kuɗin da ke son sadaka mai gudana zai iya gina ɗakuna goma kusa da asibitin shan magani na unguwa ya yi waƙafinsu, a ɗauki ma'aikacin jinya ɗaya mai zagayawa. Tun 1991 manufar lafiya ta Nijeriya ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan asibitocin matakin farko, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta fito da shirin mhGAP a 2008 don horar da ƙananan ma'aikatan lafiya kan gano waɗannan cututtuka da ba da maganinsu, saboda haka hanyar horar da irin wannan ma'aikaci tana nan.

Tambaya daga wata uwa a Katsina:

Ɗana mai shekara 28 yana ficewa daga gida ya yi kwanaki a tasha. An ba ni shawara in kai shi gidan mari a ɗaure shi har ya natsu. Ya halatta?

Amsa:

Hajiya, Allah ya yaye masa. Kada ki kai shi. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka, a watan da ya biyo baya kuma aka bankaɗo wani a Daura, a jiharku. Iyayen da suka kai su ba mugaye ba ne. Sun rasa yadda za su yi ne, kamar yadda kika rasa. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kare mai wannan lalura daga azabtarwa da wulaƙanci, ta kuma hana nuna masa bambanci wajen gidan haya da aiki. Mari yana tsayar da ƙafa ne kawai, yana barin gyambo da tsoro, kuma wanda aka taɓa ɗaurewa da sanin iyayensa yakan yi nisa da gida ranar da ya kuɓuta.

Addu'a da ruƙiyya ta ayoyin Alƙur'ani ba sa karo da maganin asibiti, ki ci gaba da su a gida. Ki kai shi likita ya duba shi, ki kuma faɗi gaskiya idan kina zargin yana shan wiwi, ko tramadol, ko kodin, ko sholisho, domin maganin wanda ƙwaya ta taɓa ya bambanta da na wanda ciwon ya zo masa haka kawai, wani lokaci kuma abubuwan biyu sukan haɗu. Sannan ki lura da abin da ke faruwa a gida kafin kowace fitarsa: ko faɗa ne da mahaifinsa, ko gorin 'yan'uwa, ko rashin barci na kwana biyu ko uku a jere. Ki rubuta ranakun a takarda, ki tafi da ita ranar ganin likita. Ranar da ya dawo daga tasha kuma, a ba shi ruwan wanka da abinci tukuna, a bar tambayoyi sai washegari.